Rajistar Malam Tulloch

A Greenock, inda ruwan sama ɗan gida ne,
inda gudumar maƙera jirage ke riga ƙararrawar coci tashi,
can muka san shi, Ninian Tulloch,
dogo, mai jan gashi, garin alli har a gira.

Litinin zuwa Juma'a lissafi yake ɗura mana.
"Kai Rennie, burodi ɗaya, baki takwas,
nawa ne rabonka?"
Na ce, "Ɓawo, Malam, don ni ne auta."
Ya yi dariya har ta zame masa tari,
ya manta da bulalar da ke rataye.

Asabar kuwa wani mutum ne daban.
Ya tuɓe kwat, ya ɗaure takalmi mai ƙusa,
ya bi gefen hagu na fili kamar an kunna masa wuta.
Ƙwallon fata ta sha ruwa ta yi nauyin jariri,
shi kuwa ya lallaɓa ta, ya yi mata raɗa da ƙafa,
ta tashi ta sauka kan goshin da ya zaɓa.
Mu muna kan katanga, ba mu da kwabon shiga.

Wasu sun zo daga kudu da fam a ambulan.
Ya ba su shayi, ya raka su tashar jirgi.
"Albashin allo ya ishe ni igiyar takalmi," in ji shi.
Kuɗin jirginsa daga aljihunsa,
rigar wasansa Isbel, ƙanwarsa, ke yi wa faci,
tana mita, tana ƙara zare.

Sai shekarar da masu busa suka zaga gari,
ganguna na kiran samari da sunan sarki.
Bai ce wa kowa zo mu je ba, ni shaida ne.
Ya dai goge allo, ya ajiye alli, ya fita.
Amma inda saniyar gaba ta sha ruwa
nan ta baya ke sha.
Mu goma sha biyu, 'yan ajinsa na da, muka bi layi,
waɗansu sun ƙara wa kansu shekara.
Ni likita ya kara kunne a ƙirjina
ya ce in koma gida.

Wasiƙa ɗaya ya aiko makaranta:
"Taɓon nan ya fi na filinmu zurfi.
Ba alƙali, ba usur, ba hutun rabin lokaci.
A gaya wa yara su bar wasa da jadawalin bakwai."

Ya dawo bayan shekara huɗu.
Ƙafar hagu, mai raɗar nan, ta zauna a Faransa.
Ta katako ce ke sanar da zuwansa a baranda,
ƙwas, shiru, ƙwas.
Ba wanda ya taɓa jin kalmar yaƙi a bakinsa.

Ni na zama mai sharar makarantar.
Wani magariba ina zuba gawayi a murhu
na ji murya a ajin da babu kowa.
Tsohuwar rajista ce a hannunsa:
"Baird."
Ya jira.
"Cargill. Dunnachie. Lennie babba. Lennie ƙarami."
Kowane suna ya ba shi lokacin amsawa,
kamar yaron na bayan ƙofa yana karkaɗe ruwa daga hula.
"Rennie."

Na ce, "Ga ni, Malam."

Ya daɗe bai ɗago ba.
"Ɗaya cikin goma sha biyu," ya ce, "nawa ke nan?"
Na ce, "Ɓawo, Malam."

Bai yi dariya ba.
Ya rufe littafin, ya jawo wata ƙwallo daga ƙarƙashin tebur,
ta sace, ta yamutse kamar fuskar tsohuwa.
"Nemo famfo," ya ce. "Gobe Asabar,
kuma 'yan aji uku ba su san hagu da dama ba."